Tarihin Ƙamshin Miya: Daga Ɗoɗɗoya da Daddawa Zuwa Dunƙule

Cikin ganyayen da shafukan intanet ke yawan yabo akwai wani da Turawa ke kira sabori, masana tsirrai kuma suka raɗa masa suna Satureja. Ba a noma shi a gonakinmu, da wuya kuma a same shi a kasuwar ƙauye. Sai dai danginsa suna cikin gidajenmu, domin ɗoɗɗoya da na'a-na'a da tayim ɗin da uwargida ke barbaɗawa a dafa-duka duk zuriyarsu ɗaya da shi. Larabawan Sham ma sukan sa wani irinsa cikin abin da suke kira za'atar. Tarihin wannan dangi, da na sauran kayan ƙamshin miyarmu, yana ɗauke da darasi ga duk gidan da ke da mai hawan jini ko mai juna biyu.

Asalin sabori ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, kuma Rumawa sun yi girki da shi tun zamanin daularsu. Wajen shekarar 800, Sarki Sharlaman ya fitar da umarni game da gandayen sarauta, aka lissafa wannan ganye cikin tsirran da ya wajaba a shuka. Har yau Jamusawa suna kiransa da sunan da ke nufin ganyen wake, saboda sun saba dafa wake da shi, wasunsu kuma su ce masa ganyen masoro, saboda ɗan yajin da yake da shi. A zamanin da masoron Indiya ke da tsadar da sai mai hali, talakan Turai a bayan ɗakinsa yake tsinko abin da zai gyara tukunyarsa.

Bahaushe ma haka ya yi, sai dai shi Allah Ya ajiye shi a mahaɗar hanyoyin fatake. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kayan yaji ke haɗuwa a Kano daga kowace kusurwa. Kimba da masoro da citta mai ƙwaya daga dazuzzukan kudu suke zuwa, kuma ita wannan citta har Turai ake kai ta ta hanyar Sahara kafin jiragen ruwan Fotugal su iso gaɓar Afirka ta Yamma. Kanunfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, sunansa ma daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro albasa da na'a-na'a. Barkono kuwa, wanda yau muke ganin tamkar da shi aka halicci miya, daga nahiyar Amurka ya fito bayan 1492, haka ma tumatir. Ke nan akwai zamanin da kakanninmu suka ci tuwo ba su san barkono ba.

Abin da ya riƙe miyar wancan zamani ita ce daddawa. Manoman ƙasar Kano, har da na Bagwai da Bichi da Shanono, ba su sare ɗorawa idan suna sharar gona, domin sun san darajar kalwarta. Mata su dafa kalwa, su surfa, su wanke, su sake dafawa, sannan su rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke yin wannan aiki, suna narkar da furotin ɗin kalwa, su fito da sinadarin gulutamet mai sa miya zaƙi. A 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya sa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da matafiyi Mungo Park, alhali matan ƙasar nan sun daɗe da sanin sirrinta. Gishiri kuwa abu ne mai tsada a da. Ayarin Abzinawa ne ke ɗauko kantu da beza a kan raƙuma daga Bilma da Faci, tafiyar makonni cikin hamada. Abin da aka sha wuya kafin a samu, ba a zuba shi da cokali. Da yatsu ake ɗiba.

Ɗoɗɗoya ma ta taɓa yin suna a duniya. A 1903, shekarar da sojojin Ingila suka ci Kano, wani jami'in mulkin mallaka da ke yankin Lakwaja, Kyaftin Larymore, ya ba da labarin cewa ajiye tukwanen ɗoɗɗoya kusa da gado yana korar sauro. Jaridun Landan suka ɗauka, mutane suka yi ta murna an samo rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Da wani likitan gwamnati a Saliyo ya gwada, sai ya tarar sauro na rayuwarsa lafiya lau a kusa da shukar. Gani ya kori ji. Bayan haka likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a 1937. Masana sun tabbatar cewa man da ke cikin ɗoɗɗoya yana ɗauke da sinadarin taimol ko yujinol, na sabori kuma yana da taimol da kabakurol. Taimol yana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa shi a wasu ruwan kurkurar baki, kuma a farkon ƙarni na 20 da shi ake maganin tsutsar ciki mai shan jini, kafin a samu magungunan da suka fi shi aminci. Yujinol kuwa shi ne ƙamshin kanunfari, likitocin haƙori suna aiki da shi har gobe. Amma kashe ƙwayar cuta a kwanon gwaji daban, warkar da majiyyaci daban.

Haka batun gina jiki yake. Gaskiya ne giram 100 na busasshen sabori yana da sinadarin ƙarfe kusan miligiram 38, da kalsiyam fiye da miligiram 2,000. To, wane ne ke cin giram 100 na busasshen ganye? Ƙaramin cokali ɗaya bai kai giram 2 ba, ƙarfen da ke cikinsa kuwa kusan rabin miligiram ne, kuma tukunyar gida duka za ta raba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum tare da folik asid. Don haka babu ganyen ƙamshin da zai maye gurbin ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa a wurin awo. Amfanin waɗannan ganyaye na haƙiƙa a wani wuri yake: suna sa abinci daɗi ba tare da gishiri ya yi yawa ba.

A nan ne tarihi ya juya. A 1908 kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙule, a wannan shekarar kuma masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanon gulutamet, wanda daga gare shi aka yi abin da muke kira farin magi. Zaƙin da daddawa ke bayarwa bayan aikin kwanaki, sai ga shi a ƙunshe cikin 'yar takarda. Cikin shekaru hamsin da suka wuce dunƙule ya shiga kowane lungu, har ya zama amarya ba ta ganin miyarta ta haɗu sai ta marmasa biyar ko shida. Matsalar ita ce kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Mai nauyin giram 4 yana ɗauke da kimanin giram 2, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, a haɗe da duk wanda ke cikin miya da burodi da yajin tsire. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, kuma yana rage ƙarfin magungunan hawan jini. Da yawa daga cikin masu kukan cewa magani ya daina yi musu aiki, amsar tana cikin tukunyarsu.

Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce, domin sinadarin sodiyam ne a cikinta. A 1978 likitoci Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu kan mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya-bayan nan a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, har da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin masu ciki. Duk da haka, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashinta ke sarƙewa idan ta kwanta, asibiti take buƙata a ranar, kuma a dakatar da kanwa.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970, manoman Bagwai suke noman rani, albasa da tumatir da tattasai ba su yankewa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a kuwa ko a fasasshen bokiti aka shuka su kusa da randa za su yi. Uwargida, ki rage dunƙule sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ki cike gurbin da daddawa da albasa da citta da ganyen ɗoɗɗoya, wanda ake sakawa dab da sauke tukunya don kada ƙamshinsa ya gudu. Cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. Ki jiƙa wake tun dare ki zubar da ruwan, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba. Ɗan gishirin da za ki sa ya zama mai aidin.

Maigida kuma, idan kana shan maganin hawan jini, kada ka ajiye shi don an ba ka ruwan ganye. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ya sanar da likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ya fara shan jiƙon tafarnuwa ko citta ko kanunfari mai kauri. Man kanunfari a ɓoye shi daga yara, domin kaɗan daga cikinsa yana iya lalata hantar yaro. Mai juna biyu ta ci waɗannan ganyaye gwargwadon yadda ake sa su a miya, ta guji tataccen mansu.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Miyar kakanninmu tana da daddawa da ganye da yawa, gishirinta kaɗan, kuma kayan haɗa ta suna nan a kasuwar Bagwai kowace ranar kasuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.