Talakan Wa? Yadda Ƙauyukan Ingila Suka Riƙe Mabuƙatansu

Yau za mu leƙa ƙauyukan Ingila, shekaru ɗari huɗu da suka wuce.

A 1601, zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, aka yi dokar da ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin talakawanta. Masu gonaki da gidaje su biya haraji, a naɗa masu rabo: tsofaffi da zawarawa su samu kuɗin mako, burodi ko itacen wuta, marayu kuma a kai su koyon sana'a.

To amma fa taimakon na ɗan gari ne kaɗai. Dokar 1662 ta ba da dama a mayar da baƙo inda ya fito cikin kwana 40 da zuwansa, in an ga alamar zai zama nauyi. Har mace mai cikin da ba na aure ba akan tsallakar da ita iyaka, don kada ta haihu a gundumar, jaririn ya hau wuyansu.

Masu biyan harajin sun daɗe suna ƙorafin wai tallafi na koyar da lalaci. A 1834 gwamnati ta sauya tsari: mai lafiya da ke neman taimako sai ya tare a gidan aikin talakawa, inda ake raba miji da mata, uwa da 'ya'ya.

Ka ga kenan, abincin akwai shi. Rigimar kullum ita ce: wane ne namu?