Daga Farfelar Katako Zuwa Injin Kwale-kwale

A 1837 wani Bature mai suna Francis Pettit Smith yana gwajin ƙaramin jirginsa a wata mashigar ruwa a Landan, sai doguwar farfelarsa ta katako ta karye, rabi ya tafi. Maimakon jirgin ya tsaya, sai gudunsa ya ƙaru. Tun daga lokacin masu ƙera jirage suka gane cewa siffar farfela na da ta cewa a gudu, ba ƙarfin inji kaɗai ba.

Injin da ake rataya wa ƙaramin jirgi a baya ya zo daga bisani. Gustave Trouvé ya gwada na lantarki a kogin Seine na Faransa a 1881, amma wanda ya karɓu a kasuwa shi ne na Ole Evinrude a Milwaukee ta Amurka, a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. A 1921 ya fito da wani na alminiyam, mara nauyi. Zuwa 1957 kamfanin Mercury ya kai doki 60. Yamaha ta shigo a 1960.

Da ƙarfi ya ƙaru, sai zaɓen farfela ya zama aiki mai zaman kansa. A jikin kowace ana buga lamba biyu, misali 11 x 13: faɗinta inci 11, takunta inci 13, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya in ruwa bai zame mata ba. Inji mai juyi 5,000 a minti, wanda giyarsa ke raba juyin biyu, zai juya ta sau 2,500. A lissafi, wajen kilomita 50 ke nan a awa. A zahiri zamewar ruwa da nauyin kaya sukan cinye wani kaso.

Taku tamkar giyar mota ne. In ya yi tsawo, inji ya yi ta nishi, ya kasa kai juyinsa, ya sha mai. In ya gajarta, inji ya yi ta ƙara, ya zarce ƙa'ida, ya gaji da wuri. Ƙarin inci ɗaya kan rage juyi kusan 200 a minti. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta iyakar juyin kowane inji, ga masu doki 40 da yawa tsakanin 4,500 da 5,500 in an buɗe wuta duka.

Saboda haka kwale-kwalen da ya sha lodin buhunan kifi banda yana son gajeren taku, ƙaramin jirgi mara kaya kuwa dogo. Jirgi mai nauyi da ke keta ruwa da ƙirji yana da iyakar gudun da ƙarin dawakai ba sa kawar da ita cikin sauƙi. Kafin mai jirgi ya ci bashin babban inji, gara ya fara auna juyin wanda yake da shi, da lodin da ya saba ɗauka.