Matar da ta kwanta ba don mai kallo ba

Mace a kishingiɗe ba tufafi tsohon jigo ne a zanen Turai. Tun daga Venus ta Urbino, wadda Titian ya kammala a 1538, ana fito da jikinta sumul, idonta a kan mai kallo, wanda galibi attajiri ne da ya biya kuɗin aikin.

Masu salon bayyana abin da ke zuci, da suka taso a Jamus a farkon ƙarni na 20, sun yi watsi da wannan ƙawa, suka koma ga launi mai kaifi da gaɓoɓi a karkace. Sai dai Paula Modersohn-Becker ce ta sauya ma'anar kwanciyar ita kanta. A 1906, tana birnin Faris, ta zana uwa kwance a ƙasa, kakkaura, rungume da jaririnta, ba ruwanta da wanda ke kallo. Jikin da aka saba shiryawa don sha'awar baƙo ya zama mafakar ɗa.

Ta rasu a 1907 tana da shekara 31, kwana 18 bayan ta haifi 'yarta. A 1937 gwamnatin Nazi ta kira ayyukanta gurɓatattu, ta kwashe su daga gidajen tarihi. Zanen uwar yana nan a Bremen, a gidan da aka buɗe da sunanta a 1927.