Yadda Akawun Banki Ya Koma Ɗan Kwantiragi

A zamanin iyayenmu, wanda ya sami aikin akawu a Bankin Arewa da ke Kano, to ya kama dahir. Shi da banki mutu-ka-raba, ga fansho, ga rancen gina gida, ga mutunci a unguwa.

Wannan zaman lafiya ya soma girgiza a 1998, sa'ad da aka rufe bankuna 26 da suka durƙushe. Amma babbar guguwar ta taso ne ranar 6 ga Yuli 2004, da Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Inda rassa biyu na banki ɗaya suka wayi gari suna kallon juna a titi guda, ɗaya ya zama rara, haka ma mutanen cikinsa.

Ranar 14 ga Agusta 2009 kuma, Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada su nutse. Dalili shi ne basussukan da suka ƙi dawowa, da yawansu an zuba su a kasuwar hannun jari. Akawu bai sa hannu a kan ko ɗaya ba, amma ma'aikata dubbai aka sallama. A ganina, nan ne tushen ɗacin ran da ake ji a bayan kanta.

To, wa ya cike gurbinsu? Ɗan kwantiragi. Wato banki ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani dabam mai samar da ma'aikata, kamfanin ya ɗauki matashi mai difloma, ya turo shi. Yana zaune a kantar banki, yana ƙirga miliyoyi daga safe har magariba, amma sunansa ba ya cikin littafin ma'aikatan bankin. Albashinsa bai kai na wanda ke kusa da shi ba, ko da aikinsu ɗaya, ƙarin girma kuwa sai dai ya ji a salansa. Ranar da aka gaji da shi, ba sai banki ya rubuta masa takardar sallama ba. Manaja zai sanar da kamfanin ne kurum, ran Litinin a turo wani.