Yadda Aka Buɗe Ido a Kan Cutar da Ƙananan Yara

A tagar da muke miƙa magani a asibiti akwai wata buƙata da na sha ji daga bakin iyaye mata da kakanni. Uwa za ta sunkuyo, ta rage murya, ta ce a taimaka mata da abin da zai sa yaro barci, domin ya hana kowa runtsawa. Gajiya ce ta kawo ta, kuma ko a mafarki ba za ta kira abin da take nema cutarwa ba. Wannan buƙata tana da dogon tarihi, kuma da shi zan fara, don ka ga tsawon lokacin da aka ɗauka kafin iyaye da likitoci su gane cewa ana iya cutar da yaro a hannun masu ƙaunarsa.

A ƙarni na 19, a garuruwan masaƙu na Ingila irin su Manchester da Nottingham, mata kan fita aiki tun da asuba su bar jarirai wurin masu raino. Abin da ke sa jariran shiru shi ne wani ruwan zaƙi mai suna Godfrey's Cordial, wanda aka haɗa da ofiyom. A Amurka kuma akwai Mrs Winslow's Soothing Syrup, mai ɗauke da mofin, da ake tallatawa don yaro mai haƙori. Irin waɗannan sinadarai suna rage numfashi, suna kashe sha'awar abinci. Jaririn da ya wuni yana barci ba ya kama nono, sai ya rame a hankali, wani kuma ya yi barcin da babu farkawa. Sai a 1868 Birtaniya ta yi dokar da ta fara sa ido a kan sayar da ofiyom, Amurka kuma ta tilasta rubuta irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba a 1906. Kafin nan, iyaye da kuɗinsu suke saye, suna ganin kulawa suke yi.

Maganar duka da azabtarwa kuwa ta fi wuyar fitowa fili. A 1860 wani likitan Faransa mai binciken gawa, Ambroise Tardieu, ya wallafa bayanin yara 32 da aka gallaza wa, 18 daga cikinsu sun mutu. Ya bayyana tabo da ƙuna da karaya dalla-dalla, ya nuna cewa yawancin masu aikata abin su ne waɗanda yaran ke hannunsu. Abokan aikinsa suka kau da kai, domin a zamanin nan ba a shiga tsakanin uba da ɗansa.

A ƙarshen 1873, a birnin New York, wata maƙwabciya ta gaya wa wata mai ziyarar marasa lafiya, Etta Wheeler, cewa kullum tana jin kukan yarinya ta bayan bango. Yarinyar ita ce Mary Ellen Wilson, mai kimanin shekara goma, 'yar riƙo da ake kullewa a ɗaki ana zane ta da bulala. Wheeler ta yi ta yawo wurin hukumomi ba wanda ya motsa, har ta kai kukanta ga Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Shi ya sa lauyansa ya kai maganar kotu. Aka ɗauko yarinyar da sabon rauni na almakashi a fuska, aka ɗaure uwar riƙon shekara guda, sannan aka kafa ƙungiyar kare yara ta farko a duniya a wannan birni. Mary Ellen ta rayu har shekara 92. Ka lura, wadda ta fara ceton ta maƙwabciya ce da ta ƙi yin shiru.

Likitoci sun daɗe kafin su biyo baya. A 1946 John Caffey, masanin hoton ƙashi a Amurka, ya ba da labarin jarirai shida da jini ya taru musu a cikin kai, ga kuma karaya a hannuwa da ƙafafu, alhali iyayen ba su faɗi wani hatsari ba. Ya yi zargin rauni ne, amma bai fito ya ce daga ina ba. Wanda ya fasa ƙwan shi ne Henry Kempe, likitan yara a Denver, a 1962. Shi da abokan aikinsa suka tattara rahoto daga asibitoci 71, suka sami yara 302 da aka yi wa irin wannan rauni a shekara ɗaya. 33 sun mutu, 85 sun sami lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Kafin ƙarshen 1967 kowace jiha a Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa likita kai rahoto. A 1971 kuma Norman Guthkelch, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Ingila, ya nuna cewa jijjiga jariri da ƙarfi kaɗai na iya tsinka jijiyoyin jini a kansa, domin kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba.

Saura tambaya guda: idan tabo ya warke, shi ke nan? Wani bincike da Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafawa a 1998, wanda ya shafi manya fiye da 17,000 a Kalifoniya, ya amsa. Gwargwadon yawan duka da cin zarafi da sakacin da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye idan ya girma.

Dokoki suka bi sahu. Suwidin ta haramta dukan yara, har a gida, a 1979. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijar ta tabbatar da ita a 1990, Najeriya a 1991, sannan ta yi tata dokar haƙƙin yara a 2003. Amma takarda ba ta shiga ɗaki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu lalata. Mafi yawa wanda yaron ya sani ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman musu gyaran hali.

To, me za ka ɗauka daga wannan tarihi? Mun gaji cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, sai dai mai tanƙwarawa ba ya nufin karyawa. Horon da ya bar shatar bulala ko ƙuna ko kumburi ya wuce tarbiyya. Hana yaro abinci, ko barin sa da zazzaɓi kwanaki ba asibiti, ko ɗora wa 'yar shekara bakwai talla har dare, duk sakaci ne ko da babu wanda ya ɗaga hannu.

Kada ka ba yaro Piriton ko maganin tari don ya yi barci. Kuskuren iyayen Manchester ke nan a sabuwar kwalba. Idan kuka ya kai ki maƙura, ya ke uwa, ki kwantar da jaririn rigingine a wuri amintacce, ki kira wani ya karɓe ki, kada ki jijjiga shi. Tabo a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, ko rauni a kunne da wuya da ciki, ko labarin da bai dace da raunin ba, abin tambaya ne. Haka yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya shiga gudun wani mutum guda. Ka riƙa leƙa 'yar da ka bayar riƙo da ɗan da ka tura karatu nesa, ka keɓe da su ka saurara.

Idan yaro ya faɗa maka an taɓa shi, ka yarda da shi, kada ka tsawata masa. Ku je asibiti nan take ba tare da an yi masa wanka ba, domin maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, sannan ku sanar da 'yan sanda ko ma'aikatar kula da mata da yara. Rufin asirin da ake yi don kare sunan gida mai laifi yake karewa, ya bar yaron da ciwo. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Idan ka ji kuka ta bayan katanga ya wuce kima, ka yi sallama ka shiga.