Itacen Jin Ɗumi da Kayan Saransa a Ƙasar Hausa: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Galibi idan aka yi maganar itace a ƙasar Hausa, hankali kan tafi ga girki, a manta da jin ɗumi. Alhali kuwa sanyin hunturu ba abin wasa ba ne. A watan Disamba na 1823, Clapperton da abokin tafiyarsa Oudney sun tarar da ruwa ya daskare musu da asuba a kan hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, Oudney kuma ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Wannan maƙala za ta dubi yadda Bahaushe ya ɗumama ɗakinsa, da kayan aikin da ya samo itacen da su, domin a nuna cewa sauyin kayan aikin ne ya sauya makomar bishiya.

2.0 Wuta a Ɗaki

A ƙauyuka akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi da dare, laka ta riƙe zafin har wayewar gari. Wanda ba shi da irin wannan gado sai ya ajiye kasko a tsakar ɗaki, ko a jawo gungume guda ya kwana yana ci a hankali. Tsofaffi da masu jego su ne kan gaba wajen wannan buƙata. Almajirai kuwa wutar kara da kirare da suka yo da rana ita ce fitilar karatunsu, ita ce kuma bargonsu.

Harshen kansa ya adana wannan sani. Ya bambanta kirare da faskare da gungume, ya raba garwashi da gawayi, ya kuma tara su duka a ƙarƙashin makamashi. Haka nan ba kowane itace ake sara ba. Marke ya yi suna wajen riƙe wuta, gawayin ƙirya na maƙera ne, sabara da kalgo na girkin yau da kullum. Ɗorawa da tsamiya da kuka akan ƙyale su saboda abin da suke bayarwa na miya da kunu, gawo kuma saboda yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya shaƙe hatsi.

3.0 Daga Gatari Zuwa Zarto Mai Inji

Kayan gyaran gida da gona na asali daga maƙera suke fitowa: gatari, da gizago, da lauje, da fartanya. Abin lura game da gatarin Bahaushe shi ne ƙanƙantar ruwansa. Kayar da babbar bishiya da shi aikin wuni ne ko fiye, saboda haka manomi ya fi ganewa ya hau ya sassare rassa, ya bar uwar ta sake toho. Wannan ba tausayin bishiya ba ne kawai. Iyakar ƙarfin ƙarfen ke nan.

Zuwan Turawa, da isowar layin dogo Kano a 1911, sun kawo wasu kayan tare da sunayensu. Shebur da diga da baro duk aro ne daga Ingilishi, kamar kananzir, risho kuwa daga Faransanci ya shigo. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar gandun daji a 1916, ta sabunta ta a 1937, inda aka keɓe dazuzzuka, saran wasu itatuwa ya koma sai da izini. A tsakanin nan ne Stebbing ya yi kururuwar cewa hamada na tahowa, har Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamadar na tafiya yadda aka zuzuta ba, amma zargin manomi da ɓarnar daji ya zauna, ya kuma ƙara ƙarfi bayan farin 1973.

Zargin nan yana buƙatar gyara. Binciken itacen wuta da masana, ciki har da na Jami'ar Bayero, suka wallafa a 1990 ya nuna cewa gonakin da ke kewaye da Kano, duk da cunkoson jama'a, ba su rasa bishiyoyinsu ba, domin kowace tana da mai ita. Itacen da birni ke ci da yawa manyan motoci ne ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa, inda babu mai tsayawa ya ce tasa ce. A irin waɗannan wurare ne zarto mai inji ya fi yin aiki, yana kayar da marken da ya shekara hamsin cikin 'yan mintoci, daga gindi, a ƙone shi gawayi. Janye tallafin kananzir a 2016 ya mayar da gidaje da dama ga wannan gawayi. Da ɗakin siminti mai tagar gilashi ya maye gurbin ɗakin ciyawa mai fitar da hayaƙi ta rufi, kaskon gawayi ya zama haɗari, domin iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari, tana kuwa kashe mai barci.