Asalin Haihuwa Ta Hanyar Fiɗa

A zamanin da, Rumawa suna da doka cewa in mace mai ciki ta mutu, kada a binne ta sai an tsaga cikinta an fid da ɗan, ko Allah ya sa yana da sauran kwana. Amma mace mai rai in aka tsaga ta, da wuya ta tashi, don ko jini ya tsiyaye, ko raunin ya ruɓe.

Cikin 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga abin mamaki a ƙasar Bunyoro, cikin Yuganda ta yanzu. Masu maganin ƙasar suka shayar da wata mai naƙuda giyar ayaba, suka wanke cikinta da ita, suka tsaga, suka fid da jariri. Suka tsai da jini da ƙarfe mai zafi, suka haɗa raunin da allurai. Uwa da ɗa duk suka rayu.

A ƙasashen Turawa kuwa, abu uku ne suka gyara aikin. Cikin 1846 aka fara sa majiyyaci barci kafin fiɗa. Cikin 1867 Joseph Lister ya bayyana yadda za a kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Cikin 1882 Max Sänger na Jamus ya koya wa likitoci ɗinke mahaifa. Daga nan mace-mace suka ragu ƙwarai.

To, me ke sa a yi wa mace fiɗa? Wata ƙugunta ne ƙarami, kan ɗan ya kasa wucewa. Wata ɗan ne ya kwanta a gicciye. Wata mabiyiya ce ta tare ƙofa, wata kuwa jijjiga ta kama ta.

Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin haihuwa 100, wajen 21 ta fiɗa ake yi, alhali cikin 1990 wajen 7 ne. Amma rabon bai yi daidai ba. A Masar da Barazil sun wuce rabi, a Afirka kudu da Sahara kuwa wajen 5 kaɗai ne. Can an yawaita, har a kan yi ba da lalura ba. Nan kuwa mata da yawa ba su samu, sai doguwar naƙuda ta kashe ɗan, ta bar uwar da yoyon fitsari.

Saboda haka, in naƙuda ta kwana ta yini, kada maigida ya tsaya jira. A kai ta asibiti tun da sauran ƙarfinta.